Bazara Ta Kama: Yadda Za Mu Kula da Fatar Jikinmu da ta 'Ya'yanmu

Hunturu ya wuce, bazara ta kama. Daga watan Maris zuwa Mayu, a wannan yanki na Arewa Mai Nisa na ƙasar Kamaru, zafin rana yakan kai digiri 40 a ma'auni, wani lokaci ma ya haura. A daidai lokacin ne kuma ruwa yake ja baya, layin famfo ya yi tsawo, kowace jarka ta zama abin lissafi a gida.

Mu da muke aikin tafinta a sashen kariya, koke-koken da muke yawan ji a waɗannan watanni kusan iri ɗaya ne. Yaro ya kwana yana susa. Jaririya ta fito da ƙuraje a wuya. Ƙafar tsohuwa ta yi faso har tana jini. Wasu kuma sun sayi mai a kasuwa sun shafa, abin ya ƙara lalacewa. Shi ya sa muka tattara bayanin da ma'aikatan lafiya suke yi, muka rubuta shi da Hausa mai sauƙi. Yawancin abin da fata take bukata a lokacin zafi yana hannunmu: ruwan sha, ɗan sabulu, ɗan mai da inuwa. Abin da ya rage shi ne sanin yadda za a yi amfani da su, da gane ƙurjin da ya fi ƙarfin gida.

Aikin da fata take yi mana

Kowa ya san dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi. Jikin randa yana tsattsafo da ruwa kaɗan-kaɗan, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. Haka jikin ɗan Adam yake. Akwai miliyoyin ƙananan ƙofofi a fata da zufa take fita ta cikinsu, idan ta bushe sai jiki ya yi sanyi. Mai aikin ƙarfi a tsakar rana, kamar mai buga bulo ko mai ɗauko itace daga nesa, yana iya zubar da lita guda ta zufa ko fiye a cikin awa ɗaya. Randar da ake ɗiba ba a zubawa kuwa, ƙarshenta ta ƙafe.

Aiki na biyu, fata ita ce katangar jiki. Muddin tana nan lafiya, ƙwayoyin cuta ba sa samun hanyar shiga. Da zarar ta bushe ta tsage, ko farce ya yage ta wajen susa, ƙofa ta buɗe. A wurin da mutane da yawa suke kwana ɗaki ɗaya, ga ƙura ga ƙudaje, ƙaramin ƙurji ba ya daɗewa yake zama gyambo.

Ruwan sha ne farko

Babu man da zai gyara fatar wanda jikinsa ba ruwa. Babban mutum yana bukatar kamar lita biyu da rabi zuwa uku a rana, tsakanin abin da ya sha da wanda ya samu a abinci. Mai aikin ƙarfi, da mai ciki, da mai shayarwa suna bukatar fiye da haka. Idan an kawo ruwa gida, a fara ware na sha a randa ko jarka mai murfi kafin a taɓa na wanki da wanke-wanke.

Kada mu jira sai ƙishirwa ta kama mu. A riƙa sha kaɗan-kaɗan tun da safe. Tsofaffi sau da yawa ba sa jin ƙishirwa ko da jikinsu ya bushe, yara kuma wasa yakan ɗauke musu hankali, don haka a riƙa miƙa musu moɗa ko ba su nema ba. Hanya mafi sauƙi ta gane ko ruwan ya isa ita ce duba fitsari. Idan yana da yawa kuma ya yi haske, lafiya lau. Idan ya yi kaɗan, ya yi ja kamar shayi, jiki yana neman ruwa.

Kunu, koko, fura, zoɓo da ruwan tsamiya duk suna taimakawa, haka ma kankana, gurji da mangwaro idan an samu. Giya da burukutu kuwa ƙara fitar da ruwa suke yi daga jiki. Masu azumi su rarraba shan ruwansu daga buɗe-baki zuwa sahur, su kuma rage aikin rana gwargwadon iko.

Akwai wani abu da mata da 'yan mata suke faɗa mana a keɓe. Wasu suna ƙin shan ruwa tun da yamma don gudun zuwa bayan gida cikin dare, wasu ma suna fasa wanka saboda makewayin ba ƙofa ko ba haske. Wannan tsoro ba abin kunya ba ne, kuma aikin sashenmu ne. Idan makewayin unguwarku ba ya kulluwa, ko fitilar hanya ta mutu, ko wani yana laɓewa a wurin, ku sanar da mu ko shugabar mata ta unguwa. Kafin a gyara, a riƙa tafiya biyu-biyu da tocila. Rage shan ruwa a irin wannan zafi yana jawo ciwon mara da na ƙoda.

Jarirai da masu jego

Jaririn da bai kai wata shida ba, nono kaɗai ya ishe shi ko da rana ta kai inda ta kai. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwa ne mai tsabta. Ba shi ruwan famfo ko jiƙo yana iya jawo gudawa, gudawa kuwa ita ce ta fi komai saurin busar da yaro. Abin yi shi ne a ƙara yawan ba shi nono, uwar kuma ta ƙara shan ruwa. Bayan wata shida sai a haɗa da ruwa mai tsabta da kunu.

Kakanni suna son ganin jariri a naɗe da hula da safa da bargo. A bazara riga ɗaya ta auduga mara nauyi ta isa. Goyo na tsawon yini yana tara zufa tsakanin ƙirjin yaro da bayan uwa, don haka a riƙa sauke shi a inuwa ya sha iska. Wandon roba da ake sa wa yaro a kan tsumma yana dafa fatar gindinsa. A riƙa canja tsumman da zarar ya jiƙe, a wanke wurin da ruwa, a bar shi a buɗe na ɗan lokaci.

Game da wankan jego, ruwa mai ɗumi ya wadatar. Tafasasshen ruwa yana ƙona fata, yana kuma wahalar da zuciyar mai jego, musamman idan aka haɗa da yawan shan kunun kanwa. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura ko take haki, a kai ta asibiti a ranar.

Wanka da ruwa kaɗan

Ma'aunin da hukumomin agaji suke bi shi ne kowane mutum ya samu aƙalla lita 15 a rana don sha, girki da tsabta, Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tana hanƙoron lita 20. Mun san akwai ranakun bazara da abin da ya shigo gida bai kai haka ba. A irin wannan rana ba a fasa tsabta gaba ɗaya. Buta guda da tsumma mai tsabta sun isa a wanke wuraren da zufa take taruwa: fuska, wuya, hammata, ƙarƙashin nono, matsematsi da tsakanin yatsun ƙafa. Bayan an wanke a tsane su sosai, domin laimar da ta kwana a lungun jiki ita ce take kawo ƙaiƙayi da saɓar fata.

Sabulu sau ɗaya a rana ya wadatar, sauran lokuta a watsa ruwa kawai. Yawan sabulu da dirzar jiki da soso mai kaushi suna kwashe maiƙon da fata take yi wa kanta, sai ta bushe ta yi fari. Garin sabulun wanki da sabulun soda na tufafi ne, ba na jiki ba, balle jikin yaro. Ruwan da ya yini a jarka cikin rana yakan yi zafin da zai ƙona jariri, a gwada shi da gwiwar hannu tukuna. Ruwan da aka yi wanka da shi kuma kada a zubar a banza, a ba ɗan itacen da ke ƙofar gida.

Mai: wanne, yaushe, a ina

Mai ba ya ƙara wa fata ruwa. Aikinsa shi ne tsare wanda yake ciki kada ya gudu. Saboda haka lokacin shafa shi shi ne da an fito wanka, jiki yana da sauran laima. Man kaɗanya, basilin mara turare, man kwakwa, ko ɗan man gyaɗa mai tsabta duk suna yi. Ba sai an sayi mai tsada ba.

Shafar bazara daban take da ta hunturu. Yanzu kaɗan ake ɗiba, a shafa a inda fata take bushewa, wato ƙwauri, gwiwa, hannu, leɓe da diddige, kuma ya fi kyau da yamma. Idan aka laɓta mai a wuya, baya ko ƙirji a tsakar rana, yana toshe ƙofofin zufa, ƙurajen zafi su fito.

Mai kaushi ko faso ya jiƙa ƙafarsa a ɗan ruwa na kamar minti goma da dare, ya goge a hankali da dutse, ya tsane, sannan ya cika tsagar da man kaɗanya ko basilin. Kada a yanke kaushi da reza. A riƙa sa takalmi, yara ma haka, domin yashin tsakar rana yana ƙona tafin ƙafa. Mai ciwon sukari ya duba ƙafarsa kullum, ko ƙaramin rauni ya gani ya nuna wa ma'aikacin lafiya.

Tufafi da inuwa

Atamfa da sauran yadin auduga suna shan zufa su bar iska ta ratsa. Yadin roba, irin na wasu hijabai da rigunan gwanjo masu santsi, yana riƙe zafi a jiki. A zaɓi tufafi masu walawa da launi mai haske. Wanda zai fita gona ko neman itace ya sa malfa, ya ɗauki gorar ruwa, ya yi sammako ko ya bari sai la'asar. Daga ƙarfe 11 na safe zuwa 4 na yamma lokacin neman inuwa ne.

Ɗakin tamfol ko na kwano yakan fi waje zafi da rana. Kada a bar jariri, tsoho ko mara lafiya a ciki a rufe. A buɗe ƙofa da taga iska ta ratsa, a shimfiɗa zana ko ciyawa a kan rufi, amma a nisanta murhu daga wurin saboda gobara. Darbejiya da sauran itatuwan da aka shuka a sansanin nan yanzu ne ranarsu. Mu tsare su daga gatari da awaki.

Ba kowane ƙurji ne na zafi ba

A nan ne ake yawan ruɗewa, domin kowane irin ƙurji da maganinsa.

Ƙurajen zafi ƙanana ne birjik, suna fitowa a wuya, goshi, baya da lungunan jiki, suna tsikari kamar ƙaya. Zufa ce ta rasa hanyar fita. Ba sa yaɗuwa daga wani zuwa wani, kuma ba sa zuwa da zazzaɓi. Maganinsu sanyi da iska: a watsa ruwa, a rage tufafi, a daina shafa mai a wurin, a yanke wa yaro farce. Cikin kwana biyu zuwa uku sukan lafa. Idan za a sa hoda, a sa kaɗan a busasshen jiki, nesa da hancin jariri.

Ƙazuwa kuwa wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani yake shiga ƙarƙashin fata. Alamarta ƙaiƙayi mai tsanani da dare, da ƙuraje a tsakanin yatsun hannu, wuyan hannu, kugu da al'aura. Sau da yawa za a tarar mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suna susa. Tana kama mai tsabta da mara tsabta, cunkoso ne yake yaɗa ta, don haka ba abin gori ba ce. Asibiti suna da maganinta, amma sharaɗinsa shi ne duk 'yan ɗakin su yi amfani da shi rana ɗaya, har da wanda bai fara susa ba. A wanke tufafi da zannuwan kwanciya a shanya a rana mai zafi. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda na mako guda. Ƙaiƙayin yana iya ci gaba har mako biyu zuwa huɗu bayan ƙwaron ya mutu, wannan ba ya nufin maganin bai yi ba.

Makero yana yin zobe a jiki, a kan yara kuma yana cinye gashi ya bar fari-fari. Na jiki yana jin man shafawa na asibiti. Na kai sai an haɗa da maganin sha na makonni, kuma dole a shanye shi duka. Kada yara su yi tarayya a mataji, hula ko rezar aski.

Akwai kuma ƙuraje masu ruwa da suke fashewa su yi ɓawo mai launin zuma, galibi a gefen baki da hanci ko a inda aka sosa. Suna saurin yaɗuwa tsakanin yara. A wanke da sabulu, a rufe daga ƙuda, a kai yaron asibiti. Idan bayan 'yan makonni fuskarsa ta kumbura ko fitsarinsa ya yi duhu, a koma da shi nan take, domin ƙwayar cutar tana iya taɓa ƙoda.

Abubuwan da ba a shafa wa fata

Man birki, baƙin man inji, kalanzir, ruwan batir, man goge baki da toka ba magani ba ne. Suna ƙona fata su bar tabo, wani lokaci su mai da ƙaramin makero gyambo. Wanda ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a tafi asibiti.

A yi hattara da ƙananan mayukan da ake sayarwa a kasuwa ana cewa suna maganin kowane ƙurji. Da yawansu suna ɗauke da sinadari mai ƙarfi da yake kwantar da ƙaiƙayi na 'yan kwanaki, alhali makero ko ƙazuwar tana ƙara bazuwa a ƙarƙashi. Mayukan bilicin ma haka suke, wasunsu har da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Suna sa fata ta yi siriri, ta yi nankarwa, rauni ya ƙi warkewa, rana kuma ta riƙa ƙona ta. Duhun fatarmu kariya ce daga rana, wanda ya kankare shi a bazara ya cire wa kansa rumfa. Kada a taɓa shafa wa yaro irin wannan mai.

'Yan'uwanmu zabiya

Masu lalurar zabiya an haife su ba tare da wannan kariya ba. Rana tana ƙona su cikin ɗan lokaci, ƙunar da ake ta maimaitawa kuma tana iya zama sankarar fata. Suna bukatar malfa mai faɗi, riga mai dogon hannu, da man kariya daga rana mai lamba 50 idan an samu. Kada a aike su famfo ko kiwo a tsakar rana. A layin rabon abinci a ba su inuwa, a makaranta a zaunar da su gaba saboda raunin ganinsu. Duk wani ƙurji ko gyambo a jikinsu da ya ƙi warkewa, a nuna wa likita. Zabiya gado ce daga uwa da uba, ba a ɗaukarta ta hanyar taɓawa ko cin abinci tare. Iyalin da ke da irin wannan yaro su zo su yi rajistarsa a sashenmu, kuma duk wanda ya ga ana tsangwamarsa ya sanar da mu.

Alamun da ba a jira da su

A garzaya asibiti, ko da dare ne, idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Jikin mutum ya yi zafi rau bayan ya sha rana, yana sambatu, ko ya suma, ko yana jijjiga. Kafin a isa, a kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa ana yi masa fifita. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki.

Yaro ya yi laushi, idanunsa sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa, ya ƙi nono, ko ya yini bai yi fitsari ba. Idan aka ɗan ja fatar cikinsa aka saki ta ƙi komawa da sauri, ruwan jikinsa ya yi ƙasa sosai. Idan yana iya sha, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya. Ƙunshi ɗaya na asibiti ana dama shi a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu ƙunshin, a zuba ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya, a shafe bakin cokalin kada a yi masa tsororo.

Ƙuraje tare da zazzaɓi, tari, mura da jan ido, waɗanda suka fara daga fuska suka gangaro jiki. Wannan yana iya zama ƙyanda, ba ƙurajen zafi ba. A ware yaron daga sauran yara, a tafi da katin rigakafinsa.

Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya. Lokacin zafi da ƙura shi ne lokacin sanƙarau, kuma yana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu idan aka yi jinkiri.

Maruru ko rauni da ya kumbura, ya yi zafi, yana fitar da mugunya, ko kumburin yana hawa sama.

Tunatarwa

Sabulu da duk kayan agaji kyauta ne. Duk ma'aikacin da ya nemi kuɗi, ko ya nemi mace ko yarinya da wani abu kafin ya ba ta haƙƙinta, a kawo mana rahoto, za a riƙe sirrin mai magana. Macen da take jin nauyin nuna wa namiji ƙurji a jikinta tana da damar neman ma'aikaciya mace, kuma akwai tafinta ga wanda ba ya jin Faransanci.

Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabta wannan takarda, ya fassara wa masu jin Kanuri, Mafa, Glavda ko Fulatanci. A riƙa leƙa tsofaffin da suke zaune su kaɗai, a ga ko akwai ruwa a randarsu. Allah ya kai mu damina lafiya.